Kofin Asabar na Baba Mardoshe

Baba Mardoshe, yau ma Asabar ce. Shayi ya huce a kan tebur, ba a sha ba.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, ga labarinmu na yau.

Akwai wani saurayi mai suna Nazir, ɗan Damagaram. Karatu ya kawo shi Paris a 2009, amma shekara guda ya yi, karatun ya tsaya. Ya zauna wurin kawunsa Mamadu a La Courneuve da ke gefen Paris, har aka samo masa aikin kula da wani tsoho a birnin Lyon.

Tsohon Bayahude ne, sunansa Mardoshe. A Aljeriya aka haife shi, ya yi shekara talatin yana aiki a masana'antun Saint-Fons, kusa da Lyon. Yanzu ga ciwon sukari, ga rawar hannu, ƙafafu kuma sun daina kai shi wurin ibadarsu. 'Yarsa Esther tana Paris. Ta waya ta yi wa Nazir bayanin magani da abinci, amma ta manta da abu guda.

Ranar Asabar ta farko, malamar asibiti ta zo ta yi wa tsohon allurar sukari. Tana fita ta ce wa Nazir, "Kar ya daɗe bai ci ba. In ka ga gumi da jiri, abin ya fara ɓaci."

Tsohon ya yafa farin mayafinsa, ya yi addu'ar safe a kan kujera. Da ya gama, Nazir ya kawo faranti: burodi, dafaffen ƙwai na jiya, da gato, wato kek.

Mardoshe ya ture farantin a hankali. "Ba yanzu ba."

"Baba, an yi maka allura fa."

"Na sani, a jikina aka yi ta. Kofi tukuna."

Ya nuna wani ɗan kofin azurfa da kwalba a gefensa. Nazir ya duba, ya ga giyar inabi ce. Ya ja da baya.

"Ni Musulmi ne, ba na taɓa wannan."

"Madalla," in ji tsohon. "Ni ma ba na so ka taɓa ta."

Maganar ta soki Nazir. A ransa ya ce, wato hannuna ƙazanta ne? Ni da na wanke shi jiya, na yanke masa farce?

Tsohon ya kama kwalbar da hannu biyu zai zuba. Hannun ya ƙi. Kwalbar ta zame, ta fashe a ƙasa, jan ruwa ya bi tsakanin tayil. Babu wata kwalbar a gidan.

"To, an gama," in ji Nazir. "Sai ka ci."

"Ba yanzu ba."

Nazir ya kira Esther sau uku. Ba ta ɗaga ba, don ba ta taɓa waya ranar Asabar. Ya ɗauki jaket ɗinsa, ya buga ƙofa, ya fita. In tsoho ya zaɓi taurin kai, shi me ya shafe shi?

A kan bene na biyu ya tsaya. Mahaifinsa ne ya faɗo masa a rai, a azuminsa na ƙarshe: yana zaune a tabarma, leɓe a bushe, dabino a hannu. Kowa na cewa ai rana ta faɗi, shi kuwa yana jiran ladan. Ba wanda ya taɓa kiran wannan taurin kai.

Nazir ya koma. Gumi ya fara tsatsafo wa tsohon a goshi. Ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ban gane ba. Fahimtar da ni, amma da sauri."

"Da ka tambaya tun ɗazu," in ji Mardoshe, murya ƙasa ƙasa. "A dokarmu, ranar Asabar in mutum ya gama addu'ar safe, ba abin da zai shiga bakinsa sai ya sa wa ranar albarka a kan kofin inabi. Kidush muke ce masa. Wancan da ya fashe ba dafaffe ba ne, irinsa Bayahude ne kaɗai ke zubawa. Ba hannunka ba ne, yarona. Dokar ta girmi kakan kakana."

"In kuma za ka mutu fa?"

"In rai ya shiga haɗari, dokar da kanta ke cewa ka ci. Sai dai ban kai can ba tukuna."

"Kana kan hanya. Mu ma haka take a wurinmu, mara lafiya yana karya azumi."

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Hawa na huɗu a benen nan, ƙofar hagu, Madam Sultana, ita ma Bayahudiya ce. Tana da ruwan inabi dafaffe, ba ya bugarwa, kowa yana iya zuba shi. Kar ka danna ƙararrawa, yau Asabar ce, ƙwanƙwasa za ka yi."

Nazir ya ɗauko ƙwayar sukari biyu, ya damƙa masa a tafin hannu.

"In ka ji jiri kafin in dawo, ka tauna. Yi mini alkawari."

"Na yi. Ashe limami aka aiko mini."

Bibbiyu ya riƙa taka matakala. Madam Sultana ta buɗe, ta ga baƙon saurayi yana haki yana cewa kidush. Ba ta tambayi komai ba, ta miƙo kwalba.

Ya tarar da sukarin yana nan a hannun tsohon, ya fara narkewa. Nazir ya cika kofin. Hannun Mardoshe na rawa, sai ya sa nasa tafin a ƙarƙashi ya tallafe. Tsohon ya karanta abin da zai karanta cikin harshensu, ya sha, ya kai gato baki. Kaɗan kaɗan fuskarsa ta dawo.

"Ƙwan nan ya dahu da yawa," ya ce.

"Ci dai, Baba."

Shekara huɗu suka yi a haka. Kowace Juma'a Nazir yakan tabbatar kwalba tana nan, kowace Asabar ya tallafi hannun.

Da azumi ya zo, a tsakiyar zafi ya faɗo, lokacin da rana a Faransa ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. Ƙarfe bakwai Nazir ya kawo abincin yamma. Tsohon ya ɗan taɓa burodi saboda magani, ya ture sauran.

"Baba, me kuma? Yau Talata ce."

"Ba yanzu ba."

Ya sa aka tura kujerarsa bakin taga. Ashe ya aiki Madam Sultana ta sayo dabino. Ya jera uku a faranti, ya zauna yana gadin rana kamar za ta gudu. Da ta ɓace bayan rufin gidaje, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Nazir! Ta tafi. Sha ruwa."

Haka ya yi har watan ya ƙare, haka ya yi kowace shekara. Tun da Nazir ya bar gida, ba wanda ya taɓa jiransa buɗa-baki sai wannan tsohon.

Mardoshe ya rasu da sanyin 2015, da rana, a kan kujerarsa. Nazir ya koma Paris, ya sami ɗan ɗaki kusa da Porte de la Chapelle. Yana sallarsa, yana azuminsa, ba abin da ya canza.

Sai dai ranar Asabar da safe, in ya haɗa shayi, yakan tsinci kansa zaune, tafin hannunsa a buɗe a kan tebur, yana jiran wata murya ta gama karatu. Ko kawunsa Mamadu bai sani ba. Har yanzu bai gaya wa kowa ba.

Darasi: In mutum ya ture abin da ka miƙa masa, kar ka yi saurin cewa raina ka ya yi. Tambaye shi dalili tukuna. Wanda ka yi haƙuri da lokacin ibadarsa, wata rana shi zai zauna gadin naka. Tura wannan labari ga wanda yake kula da tsoho, ko yake zaune da maƙwabcin da addininsu ba ɗaya ba.