Taurarin da Harisu Ya Ƙirga

Akwai wani direban motar ma'aikatan ma'adinai a Arlit, sunansa Harisu, mutumin Damagaram. Ba shi da abin so kamar kallon faɗuwar taurari. Yakan hau wani tudu a bayan gari shi da abokinsa Rhissa, su kwanta rigingine, su kashe salula don kada haske ya ɓata musu ido, su yi ta ƙirga.

Suna da rukuni a WhatsApp inda kowa ke faɗin adadin da ya gani. Harisu kuwa, Allah Ya zuba masa son a ce shi ne gaba.

Wata rana aka sanar cewa za a yi ɗan yayyafin taurari, irin ƙaramin nan da mutum kan yi awa bai ga uku ba. Suka fita kafin asuba. Gari ya yi tsit, ko kukan kare babu, sama kuma ta ƙi ba da komai.

Can sai wani haske ya gilma ƙasa-ƙasa, ta wajen hanyar Dannet.

"Ɗaya!" in ji Harisu.

Jim kaɗan ya sake gilmawa. "Biyu!"

Rhissa ya tashi zaune. "Harisu, tauraro bai faɗuwa wuri guda sau biyu. Kuma wannan daga ƙasa yake tashi. Mu je mu duba."

"Kai dai baƙin ciki kake don na riga ka gani. Kwanta, malam."

Hasken ya ci gaba da gilmawa, kowane ya fi na baya rauni. Harisu na ƙirgawa yana murna. Daga bisani hasken ya ɗauke ɗif. Da gari ya waye Harisu ya aika adadinsa, rukuni ya ɗauki yabonsa.

Da hantsi makiyaya suka kawo wani ɗan kabu-kabu asibiti. Ramalan ne, ƙanen Harisu uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sauke fasinja yana dawowa ta hanyar Dannet da dare, moto, wato babur ɗinsa, ya kayar da shi cikin kwazazzabo, ya danne masa ƙafa. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da ba a yanke ta ba.

Da ya farfaɗo, ya kama hannun Harisu.

"Yaya, na san kana kan tudun nan, shi ya sa ban fid da rai ba. Na yi ta kaɗa tocila sama har batir ya mutu. Ashe jiya ba ka fita ba?"

Harisu ya juya ya dubi Rhissa da ya rako shi asibitin. Rhissa ya sunkuyar da kai.

Wallahi ina rubutawa zuciyata na ƙuna.

Darasi: Son a yabe ka yakan sa ka ga abin da kake so, ba abin da ke gabanka ba. Idan aboki ya ce mu je mu duba, tashi ka je. Ku tura wa wasu, wataƙila wani na kaɗa musu tocila yanzu haka.