Na'am Iri Biyu Ce

An ce wani sarki ne labarin fatake ya hana shi sakat. Duk ayarin da ya sauka sai ya zo da sabo: a ƙasa kaza talakawa sun tuɓe sarkinsu, sun kore shi ko takalmi babu, a wata kuma ƙuri'a ake jefawa, wanda ya faɗi ya koma gona. Tsoro ya kama sarki ƙwarai. Ko tari bafade ya yi, sai ya ce tawaye ne ya soma.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu tambayi namu tun ba su tambayi kansu ba."

Aka tara jama'a a ƙofar fada, dogarai suka kewaye su, kowa da bulala. Mai shela ya ɗaga murya, "Ya ku talakawa, kun yarda da sarki?" Suka amsa baki ɗaya, "Na'am!" Waziri har da taka rawa. Sarki kuwa gabansa bai daina faɗuwa ba.

Sai ya aika a kira Malam Cindo, wani tsoho da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yawon ƙasashe. Ya ce, "Malam, ba wanda ya ƙi ni. Me ya sa na kasa cin tuwo?"

Tsoho ya ce, "Ya sarki!"

Sarki ya ce, "Na'am."

"Madalla. Miƙo rawanin."

Sarki ya zabura. "Yaushe na ba ka?"

"Yanzu ka ce na'am."

"Kira na amsa!"

Malam Cindo ya ce, "Su ma kira suka amsa, ga bulala a bayansu. Ya sarki, na ga ƙasar da mai mulki ya kwashe na'am kaf, bai kai kaka ba. Na ga inda ake ce wa shugaba a'a a tsakiyar kasuwa, ya tsufa cikin jikokinsa."

Sarki ya ce, "In na janye dogarai, a'a ta rinjaya fa?"

"Sai ka sauka da ƙafarka. Ya fi a sauko da kai."

Sai sarki ya ce a sake tara jama'a, dogarai su zauna gida. Ya dubi Malam Cindo ya ce, "Ashe adalci shi ne talaka ya ce a'a, ya kwana a ɗakinsa."