Kurege da Motar Baba Raƙumi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku matso. Baba Raƙumi ke da wata tsohuwar mota da ya gada wurin mahaifinsa, yana sonta kamar ransa. Ana gobe sunan jikarsa, sai tayar baya ta kama kuka, ƙiii, ƙiii. Ya turo ta garejin Kurege.

Kurege ya kasa kunne. "Baba, boris ɗin taya ne ya mutu. Amma tsohuwar mota ba ta son giris ɗin zamani, sai man shanu, ƙwarya guda."

Baba Raƙumi ya kawo, ya koma inuwa.

Ashe Kurege ko jak ba shi da shi. Ya roƙi Kunkuru ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga motar. Ƙaguwa ta zama sifana, ta kwance noti. Maƙoƙofa ta zama guduma, ƙwas, ƙwas, tsohon boris ya fito. Sai gogan naku ya ja ƙwarya ya shige ƙarƙashin mota.

Lak, lak, lak.

Kunkuru ya ce, "Oga, ƙarar me nake ji?"

"Boris ne ke shan mai."

Lak, lak, lak.

"Oga, boris yana tanɗe baki?"

"Na da haka suke."

Da aka kai ga gyatsa, Kunkuru ya miƙo wuya, ya ga ƙwarya ta kusa zama wayam. Sai ya yi taku ɗaya gefe. Mota ta zauna daram a kan wutsiyar Kurege.

"Wayyo! Yaya Kunkuru, babban yaya, ai kankaren gindin ƙwarya na ajiye maka, shi ya fi daɗi!"

Kunkuru ya suɗe ƙwarya tas, a hankali kamar yadda ya saba, sannan ya ɗaga. Kurege ya zaro giris ɗin da ya ɓoye tun farko, ya cusa wa sabon boris, aka ɗaure taya. Kuka ya ɗauke.

Baba Raƙumi ya shinshina taya, ya shinshina Kurege. Ya yi dariya har da hawaye.

"Ikon Allah! Taya na warin giris, makaniki na ƙamshin man shanu. Ɗan nema, tun kana goye na san halinka. Ku hau duka mu tafi suna, amma kai nesa da tukunya za ka zauna."

Ƙurunƙus kan tsohon noti. Wanda zai sha man shanu a ƙarƙashin mota, ya fara sammawa jak.