Birnin da Ya Ari Haske

An yi wani sarki a ƙasar Dallawa, ana ce masa Mainasara, mutum mai haƙuri da son shawara, sai dai abu ɗaya yana ci masa rai: matasan ƙasarsa suna gama karatu su tafi neman aiki a wasu ƙasashe, iyayensu ba sa sake ganinsu sai a hoton waya.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani babban kamfanin fasaha, mai ƙera manhajojin waya da kwamfuta, yana neman garin da zai kafa hedkwatarsa, kuma duk garin da ya dace, dubban 'ya'yansa za su sami aiki a ƙofar gida. Biranen maƙwabta suka shiga takara, kowanne yana yabon kansa. A Dallawa ma garuruwa biyu suka miƙe: Birnin Tsamiya mai kasuwa da benaye, wanda ƙanen sarki, Ciroma Lawandi, yake riƙe da shi, da Rafin Kanya, gari mai yawan makarantu da ƙarancin dukiya, a hannun Galadima Tanimu.

Sarki ya kira Waziri Abdussamadu ya ce, "Waziri, kamfanin ya aiko wakiliyarsa, Injiniya Kubura, ta duba garuruwan nan biyu, kuma na ɗora maka tsara ziyarar. In ka karkata ga ƙanena don ni, ka zalunci Galadima. In kuwa kamfanin ya tsallake mu ya tafi wata ƙasa, to, ka ajiye rawaninka."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, alfarma ɗaya nake nema. A roƙi baƙuwar ta zauna a kowane gari har kwanakin baƙunta su wuce, ta ƙara wasu a kai, kuma kada a faɗa wa hakimai ranar tafiyarta." Fadawa suka dubi juna, suna ganin dattijon ya gaji da rawanin ne, amma Sarki ya amince.

To, mai karatu ya san halinmu idan baƙon kunya zai zo: a aro tabarma a nan, a aro kwano a can, a ɓoye tsofaffin a ƙuryar ɗaki. Abin da matar gida ke yi da kwano, shi Ciroma ya yi da birni guda da baƙuwa ta fara sauka a Birnin Tsamiya. Ya sa aka yanke wutar unguwanni aka juyo ta titin masaukin baƙuwa, aka aro motocin ruwa daga ƙauyuka, aka aro darduma da tukwanen furanni daga gidajen attajirai. Ya kuma nuna mata unguwar marina ya ce, "Ranki ya daɗe, ki nuna da yatsa kawai, gobe mu tashe su ku gina hedkwatarku a nan."

Kwanakin baƙunta suka cika, baƙuwa ba ta motsa ba. Sai masu kaya suka fara sallama. Mai injin wutar da aka aro ya ce yana son abinsa ana bikin 'yarsa, motocin ruwa suka koma ƙauyukansu, wani attajiri ya aiko a naɗe dardumarsa alhali Injiniya tana zaune a kai tana shan shayi. Da ta fita zagayawa ta ga teloli zaune jugum gaban kekunansu, ta tambayi dalili, suka ce wutarsu tana masaukin wata baƙuwa, suna addu'ar Allah ya sa ta tafi. Ta koma masauki ranta a ɓace, ta ɗaure kayanta. Ciroma ya garzaya fada yana cewa Waziri ya tozarta ƙasa. Shi kansa Waziri hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya je ya roƙe ta da girman Allah kada ta yanke hukunci sai ta ga gari na biyu.

A Rafin Kanya ba a ari komai ba, domin babu wurin aro. Galadima ya tarbe ta da fura ya ce, "Ranki ya daɗe, wutarmu ba ta isa kowa lokaci ɗaya, don haka unguwa-unguwa muke karɓa. Yau da la'asar layin gidana da masaukinki ne za su rasa, sai ki yi haƙuri." Da ta nuna filin da take so a gina kamfanin, ya ce, "Wannan burtali ne, hanyar shanun makiyaya, ba ni da ikon bayar da shi sai na tambaye su." Aka tara makiyaya, aka yi ta ja-in-ja har ta ƙosa, daga bisani suka yarda su ba da gefen gabas, da sharaɗin a bar musu mashaya.

Da aka taru a fada, Injiniya Kubura ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na zaga birane da dama kafin in zo nan, kowanne ya yi mini ado na kwana kaɗan, yanzu na gane ban ga ko ɗayansu ba. Mu ba baƙunta ta kawo mu ba, zama muka zo yi, kuma ma'aikatanmu 'yan gari za su zama. Wanda ya ɗauke wutar mutanensa don ya faranta mini, ranar da sabon baƙo ya zo tamu zai ɗauke. Mun zaɓi Rafin Kanya, kuma za mu kafa tashar wutar rana da za ta wadaci garin tare da mu."

Sarki ya yi hamdala, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri. Sa'an nan ya juya ga ƙanensa ya ce, "Ciroma, ka bar marina a wurinsu, ka mayar wa teloli wutarsu, ka gyara birninka don masu kwana a cikinsa. Wani kamfanin yana tafe." Ba a daɗe ba matasan Dallawa suka fara dawowa gida da jakunkunansu.

Masu hankali suka riƙe wannan daga Waziri Abdussamadu: adalcin da shugaba ya yi wa na gida, shi ne kaɗai alkawarin da baƙo zai iya dogara da shi.