Busan da Ya Yanke a Hanya

An ce wani sarki ya yi mulki a wata ƙasa da masu ba da labari ba su riƙe sunanta ba. Mai kyauta ne, mai tausayin talakawa, ba a san shi da wani aibi ba sai ɗaya: ba ya iya jira. In ya sa a fara haƙa rijiya da safe, kafin azahar ya aika a ɗebo masa ruwanta. Fadawansa sun san halin, suna yi masa kirari da shi maimakon su gaya masa gaskiya.

Wannan sarki yana da mahaifiya, tsohuwa tukuf, idanunta sun daɗe da daina gani. Wata shekara ciwo ya kwantar da ita, masu magani suka duba, suka gaya wa sarki a keɓe cewa da wuya ta ga damina mai zuwa. Ya shiga wurinta ya durƙusa, ya ce, "Inna, me kike so a duniyar nan in kawo miki?"

Ta ce, "Abu ɗaya. Akwai wani take da mahaifinka ya sa aka yi mini shekarar da aka kawo ni gidan nan. Duk ranar da ya dawo daga tafiya ana busa shi da algaita. A tsakiyarsa akwai wani dogon busa, ana kama shi daidai lokacin da ya sa ƙafa a zauren ciki, ba a yankewa, ba a numfasawa, sai ya iso ƙofata ya yi sallama. Shekara ashirin da biyu ke nan ban ji shi ba. Ina so in ji shi sau ɗaya, in ji mahaifinka ya iso."

Sarki ya fito idanunsa cike da ƙwalla, ya sa aka bincika. Duk ƙasar mutum ɗaya ne ya rage da ya san wannan take, wani tsohon mabushi mai suna Nomau. Ɗan da ya koya wa ya riga ya rasu, shi kuma ciwon ƙirji ya ci shi, ko fitila ba ya iya hurewa sai ya yi tari. Aka ɗauko shi a kan jaki aka kawo shi fada.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, taken yana nan a kaina da yatsuna, ƙirjin da zai ɗauke shi ne ya mutu. Ka ba ni wanda ya ɗan san busa, da ɗaki mai ƙofa ɗaya, da wata uku. Kada kuma kowa ya tambaye mu ina muka kai."

Sarki ya ce, "Wata uku ya yi yawa. Na ba ka mutum goma don aikin ya yi sauri."

Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in ka dasa dabino goma, yawansu ba ya sa ɗaya ya yi 'ya'ya da wuri. Amma a kawo su."

Aka ba shi ɗaki a bayan fada, ya shimfiɗa musu tsarinsa. Daga sallar asuba har rana ta fito, ba mai taɓa algaita. Kowa zai zauna ya fuskanci bango, da ƙwaryar ruwa a gabansa da karan alkama a baki, yana hurawa ruwan na ɓulɓul. Abin da ake nema shi ne ya cika kumatu da iska, ya riƙa tura ta da kumatun yayin da yake shaƙar wata ta hanci, har kumfar ta daina tsayawa. Da hantsi sai a ɗauki algaita, Nomau ya rera musu gaɓa ɗaya ta taken da baki, su bi ta sannu a hankali kamar masu tafiya a kan taɓo. Da rana a huta, don leɓen da ya gaji kuskure yake haddacewa. Bayan la'asar kuwa ba a busa komai sai wurin da mutum ya ɓata da safe, a yi ta maimaita shi, shi kaɗai, har ya miƙe. Wanda ya fara busa abin da ya riga ya iya don jin daɗin kunnensa, Nomau zai taɓa masa gwiwa da sanda.

A cikin goman akwai wani magidanci mai suna Barmo, wanda a da yake busa wa manoma a gayyar ƙauyensu. Shi ne mafi nauyin hannu, shi ne kuma mafi ƙarancin magana. In an tashi hutu sauran su fita kallon kasuwa, shi sai ya jingina da bango yana motsa yatsu a kan cinyarsa.

Sarki ya daure kwana ashirin, wanda a wurinsa tamkar shekara ne. Ran nan da sassafe ya leƙa ɗakin, ya tarar da ƙarti goma sun ba shi baya suna hura ruwa a ƙwarya kamar yara. Wani bafade ya ƙyalƙyale da dariya a bayansa. Ran sarki ya ɓaci, ya ce, "Nomau, mahaifiyata na kwance tana ƙirga kwanaki, kai kana nan kana koya musu wasa da ruwa?"

Nomau ya ce, "Ya sarki, algaita takan rufa wa mai busa asiri, ƙararta tana ɓoye inda numfashi ya raunana. Ruwa ba ya rufa wa kowa asiri. Da iska ta yanke, kumfa ta tsaya, kowa ya gani."

Sarki ya ce, "Ni ma ina so in gani." Nan take ya yi umarni: daga ranar, kullum da hantsi a kawo masa su fada, kowa ya busa abin da ya koya. Wanda ya busa ba kuskure yana da riga, wanda ya ɓata a gaban sarki ya koma inda ya fito. Nomau ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi, kafin ya lafa sarki ya wuce.

Ni dai ban ga laifin mutanen nan ba a kan abin da suka yi bayan haka, kowa yana da iyali, kowa yana tsoron kunya. Farkon taken mai sauƙi ne, mai daɗi kuma, duk sun iya shi. Shi suka riƙa gogewa tun asuba, ƙoren ruwa suka koma na sha. Suna zuwa fada su busa farkon nan sumul, da sun hango dogon busan sai su naɗe da wata kwalliya su sauke algaita. Fadawa su ɗauki kirari, a yafa musu riguna. Daga nan masu suna da masu biki suka fara aikowa a ba su aron mabusan sarki, aka riƙa ba su. Nomau yakan zauna a ɗakin koyo da la'asar, daga shi sai Barmo.

Kwana bakwai Barmo yana busa farkon kamar kowa. A rana ta takwas, da ya zo wurin da sauran ke naɗewa, sai ya cika kumatu ya shiga dogon busan. Ya yi nisa a cikinsa, fada ta yi tsit, sai numfashin ya kufce masa, algaita ta yi wani kuka kamar an take wutsiyar akuya. Aka bushe da dariya. Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Tara sun iya, ɗaya ya kasa. A sallame shi." Barmo ya naɗe algaitarsa a tsumma, ya je ya durƙusa gaban Nomau ya yi masa ban kwana, ya kama hanyar ƙauyensu, tafiyar yini biyu.

Aka yi kwana arba'in a haka. Jikin tsohuwa ya tsananta, ta daina karɓar komai sai kunu. Sarki ya zaɓi wanda ya fi kowa tara riguna, ya sa shi ya tsaya a zauren ciki ya busa taken duka, shi kuma ya zauna kusa da gadonta. Da sautin farko ya shigo, fuskarta ta washe, ta lalubo hannun ɗanta ta riƙe, ta ce, "Shi ne. Ga shi nan ya sauka." Mabushin ya kama dogon busan, bai ci rabinsa ba iska ta ƙare, ya tsaya ya ja numfashi, ya sake kamawa. Tsohuwa ta saki hannun sarki. Ta ce, "Ya tsaya a hanya. Bai iso ba." Ta juya ta fuskanci bango, hawaye na bin kuncinta.

Aka gwada sauran takwas ɗin a waje, ba wanda ya kai ko inda na farko ya kai. Sarki ya koma fada yana huci, ya sa aka kawo Nomau, ya ce, "Na ba ka mutane, na ba ka ɗaki, na ciyar, na tufatar. Wa ya ci amanata, kai ko su?"

Nomau ya ce, "Ya sarki, ba ni ba ne, ba su ba ne. Ɓarawo ne ya riƙa shiga ɗakin koyo."

"Me ya sata?"

"Safiya, ya sarki, kullum ɗaya. Ba ya ɗaukar kayan kowa, shi ne ma yake barin riga a inda ya yi sata."

"Faɗi sunansa, dogarai su kamo shi."

"Dogarai ba sa kama shi, Allah ya ba ka nasara. Su ne suke yi masa rakiya."

Kowa a fada ya sunkuyar da kai. Sarki ya gane, amma zuciyarsa ba ta sauka ba tukuna. Ya ce, "Na kira su ne don in san ina suka kai. Laifi ne mai gida ya duba aikinsa?"

Nomau ya ce, "Wanda zai tsaya gaban sarki da hantsi ba ya tashi da asuba ya nemi abin da bai iya ba, abin da ya iya yake gogewa. Koyo kuwa a wurin da mutum yake ɓatawa yake zaune, ba a wani wuri ba. Ka sa riga a kan wanda ya guje wa wurin, ka sa kora a kan wanda ya tunkare shi. Mutum ɗaya ne ya faɗi a gabanka, ya sarki, domin shi kaɗai ya hau. Shi ka kora."

Sarki ya ga gaskiyar maganar. Ya sa mahaya biyu su je su zo da Barmo. Suka same shi a bayan rumbunsa da ƙwarya da karan alkama, bai fasa ko safiya ɗaya ba tun da ya koma. Da aka kawo shi ya hura a gaban Nomau, kumfa ta yi ta tashi ba ta tsaya ba har tsohon ya ɗaga hannu. Barmo ya ce numfashin ya zauna masa kusan kwana ashirin da suka wuce, sauran gaɓoɓin taken ne ba shi da mai ba shi.

Sarki ya ce, "Baba Nomau, kwana nawa?" Tsohon ya ce, "Tara, in an bar mu." Sarki ya ce, "Za a bar ku. Ni zan tsare ƙofar."

Haka kuwa aka yi. Kullum bayan asuba sarki ya sa a shimfiɗa masa tabarma a bakin ɗakin koyo, ya zauna kamar mai gadi, duk wanda ya nufo wurin ya mayar da shi da hannu. Yana jin gaɓa ɗaya ana ta nanata ta, a ɓata, a koma, a sake ɓatawa, a rage sauri. Sau da yawa tambaya takan zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Da yamma ya shiga wurin mahaifiyarsa, ta ce, "Ya kusa?" Ya ce, "Ya kusa, Inna."

A rana ta shida da hantsi, yana zaune a kan tabarmar, wata jakadiya ta zo ta durƙusa nesa da shi. Ya dubi fuskarta ya sani. Aka yi wa tsohuwa sutura kafin azahar, aka rufe ɗakin koyo har aka share makoki.

Bayan kwana bakwai Barmo ya zo neman izinin tafiya gida, tunda wadda ake yi domin ta ta tafi. Sarki ya ce, "Ku ƙarasa." Ya koma kan tabarmarsa. A safiya ta uku ya ji an kama dogon busan daga ciki, yana tafiya, yana tafiya, bai yanke ba har ya kai ƙarshe ya sauka lafiya. Sarki ya rufe fuska da rawaninsa ya yi kuka mai sauti, dogarai suka juya baya. Safiya uku kacal ta rage wa mahaifiyarsa, shi kuwa ya ci wa Barmo safiya arba'in.

Ya tara fada a ranar, ya sauko daga karaga, ya nemi gafarar Barmo a gaban waɗanda suka yi masa dariya. Sauran taran ya ce su riƙe rigunansu, don abin da ya biya su su yi shi suka yi. Ya mayar da su hannun Nomau, ya hana kowa kiran su biki ko fada sai ranar da tsohon ya ce sun isa. Sa'an nan ya juya ga alƙalansa ya ce, "Ku riƙe wannan daga wanda ya saye shi da tsada. Duk wanda ya hukunta mai koyo a kan kuskurensa ya zalunci mutum biyu: mai koyon, da wanda yake jiran ya iya."