Firintar Ɗakin Gwajin Jini

Akwai wani mutum mai ɗakin gwajin jini a saman wani bene da ke kallon tashar mota. Ya san aikinsa, ga sauƙin hannu, ko jariri ya tsira wa allura sai ya gama kafin yaron ya tuna da kuka. Sai dai yana da wani hali da ya zame masa ƙarfen ƙafa. Duk abin da ba jini ba ne, ba kwalbar gwaji ba ce, to ya jira. Famfo na yoyo, bari tukuna. Makullin ƙofa ya kwance, bari tukuna. Ba malalacin kwanciya ba ne, tun safe yake tsaye har bayansa ya riƙe. Amma ya ɗauki gajiyarsa ta zama uzurin komai.

Ƙanwar matarsa ce ta laƙaba masa suna Bari-Tukuna. Ita ce auta a gidansu, kowa ma Auta yake ce mata. A hannunsa ta girma, da ta gama makaranta ya ɗauke ta aiki, tana buga sakamakon gwaji a kwamfuta, ta sa a ambulan ta miƙa wa mai shi. Tsakaninsu akwai wasa sosai. Ita kaɗai ke iya sa shi dariya a wurin aiki.

Da tsohuwar firintarsu ta mutu, sai ya sayo sabuwa babba, wadda ke bugawa, ta ɗauki hoton takarda, kuma ba ta buƙatar a jona mata waya da kwamfuta. Ranar da mai haɗawa ya zo, ɗakin jira ya cika maƙil, wani yaro na ta tsala ihu. Mutumin ya gama aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, saura abu ɗaya. Wannan ba irin waccan ba ce, kwamfuta ce a rigar firinta. Duk takardar da ta bi ta cikinta tana ajiye hotonta. Kalmar sirrin da ta zo da ita kuwa ta kamfani ce, kowa na iya nemo ta. Zo ka zaɓi taka, in kuma raba ta da waifai, wato intanet ɗin iska da kuke ba masu jira."

Bari-Tukuna bai ko ɗago kai daga hannun da yake neman jijiya a ciki ba.

"Tana bugawa?"

"Tana bugawa."

"To me ya rage? Wa zai shiga firinta ta iska? Ka ga mutane a gabana. Zan kira ka."

Bai kira ba. Mutumin ya neme shi a waya, bai ɗauka ba, har shi ma ya gaji ya bari. Kalmar shiga waifai kuwa tana nan manne a bangon ɗakin jira da manyan baƙaƙe, don masu jiran sakamako su rage zaman kaɗaici. Ƙarfin waifai ɗin na sauka har ƙasan bene, har kan bencinan tasha.

Lokaci-lokaci firintar kan nuna saƙo a fuskarta tana neman a sabunta ta. Auta ta ce, "Yaya, amaryarka na magana." Shi kuma ya ce, "Danna ki rufe mata baki." Wata safiya suka tarar ta zubo takardu a ƙasa da kanta, cike da rubutun da ba kai ba gindi. Auta ta ce aljanun tasha ne suka zo koyon boko. Shi takardun da aka ɓata ne kawai suka dame shi. Ya tattara ya zuba a kwandon shara.

Bayan 'yan watanni wani dattijo ya zo yana ƙorafi. Ya ce wasu sun kira shi, sun faɗi sunansa, sun ce sun san yana da ciwon suga, wai suna da maganin da ke warkarwa. Bari-Tukuna ya ce, "Baba, 'yan damfara kowa suke kira, dace suka yi." Wata mata ta zo da irin wannan magana. Ita ma ya lallashe ta ta tafi.

Sai ranar da wata malamar makaranta ta hawo benen. Ya gane ta, domin shi da kansa ya duba sakamakonta, kuma ba mai daɗi ba ne, ciwo ne babba a jininta. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kujerar da ake ɗibar jini, idanunta sun kumbura, muryarta a dushe.

"Ban gaya wa kowa ba. Ina jira in ga likita tukuna in san yadda zan faɗa wa Innata, don tana da hawan jini. Lambarta na ba ku a matsayin wadda za a nema in ba a same ni ba. Jiya wani ya kira ta. Ya faɗi sunana, ya faɗi ciwon, ya ce in ba a sayi maganinsu ba ba zan daɗe ba. A tsakar gida aka tsince ta. Ɓarin jikinta ya shanye." Ta ɗago ta kalle shi. "Wa ka ba takardata?"

Ta tashi ta sauka a hankali tana dafa bango.

Mutum biyu ne kawai ke ganin sakamako, shi da Auta. Ya san ba shi ba ne. Ya tuna ta yi sabuwar waya kwanan nan, ya tuna yawan hirarta da mutane. Zuciya ta ɗebe shi. Ya leƙa ya ce wa masu jira su yi haƙuri, ya ja ƙofa.

"Auta, wa kike sayar wa sirrin mutane?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasan da suka saba ne. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

"Yaya, ni?"

"In ba ke ba wa? Bango?"

"Wallahi, Yaya, ko Anti matarka ban taɓa gaya wa abin da na gani a nan ba."

"Ajiye makulli ki tafi."

Ta ajiye makullin a kan firintar, ta ɗauki jakarta. Ba ta koma gidansa ba, gidan babban wansu ta wuce.

Da ya koma gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta zauna can nesa da shi.

"Abban yara, shekara da shekaru ina fama da kai. A gyara rufi, bari tukuna. Ka je a duba bayanka, bari tukuna. Amma da aka zo kan mutuncin ƙanwata, ko wuni ɗaya ba ka iya jira ba."

Ya ce, "Ba ki ga idon matar nan ba ne."

"Na ga na Auta," in ji ta. Ta tashi ta shige ɗaki.

Daga nan aiki ya koma kansa shi kaɗai. Ya ɗebi jini, ya gwada, ya zauna yana lalubar haruffa da yatsa ɗaya, ya liƙe ambulan da hannunsa. Gajiya ta ninku, gida ba walwala, amma yana gaya wa kansa ai ya toshe ɓaraka.

Ba a jima ba wani matashi ya hawo a fusace. An kira shi, an faɗi ciwonsa. Bari-Tukuna ya duba ranar gwajin. An yi shi ne bayan tafiyar Auta. Ba wanda ya taɓa takardar sai shi. Ya zauna yana kallon ɗakin, teburi, kwamfuta, firinta, bai san inda zai sa kansa ba.

Ƙorafi ya kai ga hukumar da ke kula da wuraren gwaji. Jami'ai suka zo tare da wata ƙwararriya kan na'urori. Ba ta ma shiga ciki ba. A bencin ɗakin jira ta zauna, ta karanta kalmar da ke bango, ta shiga waifai da kwamfutarta. Ta nemo firintar, ta sa kalmar sirrin kamfani. Kafin ya gama kawo wa jami'an ruwa ta juyo masa fuskar kwamfutar.

Ga su nan reras. Sunaye, lambobin waya, cututtuka, duk wanda ya taɓa miƙa masa hannu tun ranar da aka kawo firintar. Ta nuna masa alamun wasu na'urori da suka riƙa shiga suna kwasa.

"Su waye?" ya tambaya da ƙyar.

"Allah kaɗai Ya sani. Duk wanda ya zauna a ƙasan benen nan da waya zai iya. Ba fasa ƙofa aka yi ba, a buɗe aka same ta. Wanda ya haɗa muku bai faɗa muku ba?"

"Ya faɗa."

A ranar aka garƙame wurin da kwado, aka karɓe takardar izininsa har sai an gama bincike. Ko da za a mayar masa, ya san ba mai sake hawo wannan benen. Labari ya riga ya zaga tasha.

Ya je gidan wan matarsa neman Auta. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi kamar baƙo. Ya ba ta haƙuri. Ta ce, "Ya wuce, Yaya, na yafe." Amma da ya ce ta dawo gida sai ta girgiza kai. Ta ce ta sami aiki a wani kantin magani, nan ya fi mata kusa.

Gidan malamar ya fi masa wuyar zuwa. Ya same ta ta rame, tana ba uwar ruwa da cokali. Ya faɗa mata gaskiyar yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta saurare shi ba ta katse shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Tsohuwar ta juyo da ido tana kallonsa, bakinta a karkace. Ta ji ana maganar gwaji, sai ta ɗauka likita ne. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama gefen rigarsa.

"Likita, 'yata za ta warke?"

Ya san abin da ke cikin takardar fiye da kowa. Ya kalli malamar. Ta ce a hankali, "Amsa mata."

"Da yardar Allah, Inna," in ji shi.

Tsohuwar ta saki rigar ta lumshe ido. Ya fito ya tsaya a ƙofar gida, ya rasa ta ina zai bi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar sau da yawa tana wurin da muka raina ne. Firintar ofis ta yau tana ajiye abin da ta gani, tana kuma magana da duk na'urar da ta same ta a buɗe. Duk mai ƙaramar sana'a da ke riƙe da sirrin mutane, ya canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita tun ranar farko, ya raba ta da waifai ɗin baƙi, ya sabunta ta idan ta nema, ya riƙa goge abin da ta tara. Gajiya ba ta sauke amana daga wuyan mutum. In kuma ɓarna ta auku, a bincika kafin a zargi na kusa, domin ana iya sake sayen na'ura, amma yarda in ta fashe ba kasafai take ɗinkuwa ba.