Kwale-kwalen Baba Mudi

To jama'a, tunda an idar da la'asar, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A ƙasar Yawuri, a wani ƙauye na bakin kogi, an yi wani masassaƙin kwale-kwale ana ce masa Baba Mudi. Jirginsa ba ya yoyo, ba ya karkata, kowa ya shaida. Amma da jiragen roba suka shigo, aiki ya yi ta janyewa, ma'aikatansa suka watse, har ya rage kwale-kwale ɗaya tal a filin, an gama shi ba mai saye. Wata rana ya tara 'ya'yansa uku, Nafi'u da Sagiru da ƙanwarsu Tasalla, ya ce, "Bayan damina zan rufe wurin nan. Na gaji."

Nafi'u ya ce, "Baba, ka ɗan ba mu lokaci."

Shi Nafi'u ya iya na'ura. Ya buɗe wa tsohon shafi a intanet, ya ɗauki hotunan jirage da na Baba riƙe da katako, ya rubuta bayani da irin kalmomin da mai neman jirgi zai buga a injin bincike. Shafi ya yi kyau ƙwarai. Sai dai in ka nema, can baya yake, inda ba mai haƙurin isa.

Sagiru ya gano dalili. Ya ce injin nan halin baƙo gare shi, gidan da mutane suka fi nunawa shi yake yarda da shi. Sai ya bi shafukan da ke tattara adireshin masu sana'a, kowa a layinsa kamar rumfunan kasuwa. Ya sa sunan Baba a na masassaƙa, da na masunta, da na masu sufurin ruwa, ya kauce wa na bogi waɗanda ke ɓata wa shafi suna. Wasu suka ƙi, ya yi ta naci har suka karɓa. Shafi ya taso sosai, amma har yanzu shafukan manyan dillalan birni suna gabansa.

Ana nan sai lokacin tseren kwale-kwale na ƙungiyar masunta ya zo. Tasalla, wadda malamar firamare ce, ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, jirgin nan da ya rage nake roƙo. Kyauta za mu ba wanda ya ci tsere."

Ya ce, "Ke Tasalla, na ƙarshen ne fa!"

Ta ce, "Na sani, Baba. Ka yarda da ni."

Sai ya ce ta ɗauka. Sharaɗi ɗaya ta kafa wa ƙungiya: su rubuta a shafinsu cewa Baba Mudi ne ya ɗauki nauyin kyautar, su sa mahaɗar da in an latsa za ta kai mutum shafinsa. Aka yi tsere, kiɗa da guɗa, masu ba da labari suka kwashi bayanin har da mahaɗar. Kafin wata ya zagayo, in ka nemi kwale-kwale, sunan Baba ne kan gaba.

A can birnin jiha kuwa akwai wata ungozoma, Malama Rakiya, wadda ƙungiyarsu ke neman jiragen da za su riƙa kai masu naƙuda asibiti daga tsibirai. Ta buga a wayarta, ta latsa na farkon da ya fito, hotuna da bayani suka kwanta mata, ta kira. Baba ya ɗauka tsokana ce, har ya ce, "Baiwar Allah, wa ya turo ki?" Sai ga ta washegari da ƙafarta, ta ba shi aikin jiragen duka.

Fili ya sake cika da ƙarar sassaƙa, ma'aikata suka dawo. Jirgin farko da aka sa a ruwa ya ɗauko wata mata daga tsibiri, ta sauka lafiya a asibiti, aka sa wa yaron Mudi. Tsoho ya je suna, ya yi ta dariya har da hawaye.

Da ya dawo ya yanka rago, ya tara dangi. Bayan an ci an sha, ya fito da gizagon kakansa, wanda a gidansu ba a ba kowa sai wanda ya raya sana'ar. Ya dubi Nafi'u, wanda ba don shi ba babu shafin ma. Ya dubi Sagiru, wanda ya tono shi daga inda ya nutse. Ya dubi Tasalla, wadda ta kai shi gaban idon Malama Rakiya. Hannunsa ya tsaya a sama, dangi na ta dariya, kowa na kiran sunan gwaninsa.

Gizago dai ɗaya ne, ba ya rabuwa uku. To ku da kuke zaune, in ku ne Baba Mudi, a hannun wa za ku sa shi?